Kazar Rafiƙ a Ɓangaren Manya

Ranar da muka sauka a ƙasar Larabawan nan, mutumin da ya zo tarbar mu ko sallamarmu bai amsa ba. Hannu kawai ya miƙo ya ce mu kawo fasfo. Muka ba shi, ya zuba su a leda kamar wanda ya sayo albasa, ya nuna mana bayan wata akori-kura. Tun a nan jikina ya ba ni akwai magana, amma na danne. Wanda ya sayar da gonarsa ya hau jirgi ai ba shi da bakin cewa jikinsa ya ba shi wani abu.

Gonar nan kuwa Baba ne ya yanka mini ita daga cikin tasa, a bakin kanal, gaba da Bunkure kaɗan. Wuri ne da ko a shekarar da ruwa ya yi wa na ƙasa da mu gardama, mu muna samu. Da na je masa da zancen tafiya sai ya ce, "Mai ruwa da rani, me zai je nema a ƙasar da ake sayar da ruwa a kwalba?" Ban ji ba. Wani ejan a Kano ya riga ya nuna mini bidiyon tumatir a cikin rumfar gilas, ya ce ƙwararru irina ake nema, ni zan shugabanci ma'aikata. Kai, wallahi kaina ya kumbura. Na sayar da gonar a ɓoye, sai a bakin wanda ya saya Baba ya ji. Da na durƙusa yi masa sallama bai ɗago kai ba, ya dai ce, "Allah ya kiyaye hanya." Daga ranar babu abin da nake tsoro a duniya kamar in sake tsayawa gabansa hannu rabbana.

Awa shida muka yi a bayan motar nan muna kutsawa cikin sahara. Da aka sauke mu na waiga gabas na waiga yamma ina neman rumfar gilas. Ina! Garken awaki ne da raƙuma, da wani filin ciyawa da ake shayarwa da ruwan rijiya. Shugabancin da aka yi mini alkawari ya ƙare a kan shebur da baro. Da asuba yankan ciyawa, da hantsi kwasar kashi, da rana kuwa ko ƙarfen baron ba ka isa ka taɓa da hannu ba. Mu bakwai muke kwana a cikin kwantena. In ka yi magana a ce fasfonka yana wurin mai gida, mai gida kuma kullum ya yi tafiya.

Ba aikin ne ya fi ci mini rai ba, don ni ɗan noma ne, wahala ba baƙuwata ba ce. Kewa ce ta kusa kashe ni. Sai ina tsaka da tura baro in tuna warin ganyen tumatir a hannu, ko hayaniyar Kwanar Gafan in kaya sun sauka, dillalai suna rantse-rantsen ƙarya, sai kawai in ji hawaye. Ni da nake raina miyar kuka, na wayi gari ina mafarkinta.

Sau ɗaya a wata ake kai mu gari sallar Juma'a. A nan na koyi ƙarya. Sai in sa rigata mai kyau guda ɗaya, in sami motar wani Balarabe a bakin masallaci in jingina, a ɗauke ni hoto in tura wa ƙanwata Rabi. Ita kuma baiwar Allah ta bi gida tana nuna wa kowa. Da ƙaryar ta yi mini nauyi sai na daina kira gaba ɗaya. Wata takwas ban ji muryar kowa a gida ba.

Wanda Allah ya sa ya riƙe ni a wurin nan shi ne Rafiƙ, wani dattijo mutumin Bangaladash da ke tuƙa tankar ruwa. Gajere ne, gemunsa ja jawur da lalle, kullum yana tauna wani abu. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu, sai Larabcin kasuwa da muke harhaɗawa da nuni da hannu, amma hira muke yi har da shewa. "Nasir bai" yake ce mini, wai ɗan'uwa ke nan a wurinsu. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar, shi ya riƙa dafa mini shinkafa ruwa-ruwa yana ba ni a baki, yana yi mini faɗa da yarensu. Ban san abin da yake cewa ba, amma na san faɗan uba in na ji shi.

Shekara biyu da wani abu muka yi a haka, sannan mai gidan ya sayar da dabbobin ya ce kowa ya kama gabansa. Rafiƙ ne ya san hanyar ofishin ƙwadago, shi ya yi ta jigilar mu har aka ƙwato mana fasfo, aka sa mutumin ya yankar mana tikiti. Da na riƙe tikitin Kano a hannu, maimakon murna sai tunanin gida ya taso mini. In je in ce wa Baba me? Nan take na yanke shawara: ba zan je gida ba. Na kira abokina Sunusi da ke gadin wani sito a Kumbotso, na ce ya ba ni wurin shimfiɗa tabarma, kuma kada ya kuskura ya gaya wa kowa na dawo. In Allah ya sa na ɗan farfaɗo nan da shekara ɗaya ko biyu, sai in bayyana. Da na gaya wa Rafiƙ, ya daɗe yana girgiza kai. Ya ce shi ubansa ya rasu yana nan yana tuƙa tanka. 

Shi ya aro mota ya kai ni filin jirgi da sassafe. A hanya ya taka burki a gaban wani shagon soyayyar kaza, irin wanda duk Juma'ar da aka kai mu gari muke wucewa muna leƙe ta gilas muna haɗiyar yawu, ba mu taɓa shiga ba. Ya ce in jira. Sai ga shi da leda niƙi-niƙi: kaza a kwali, soyayyen dankalin Turawa, burodi, lemo, da wata farar miyar tafarnuwa a 'yan robobi. Na san abin da Rafiƙ yake samu, na san bakunan da ke jiransa a ƙasarsu. Na ce ba zan karɓa ba. Ya ɗaure fuska ya cusa mini a ƙirji, ya ce abincin jirgi tsada gare shi, in rantse zan ci wannan a sama. Gaskiya ya faɗa a iya saninmu, don jirgin da ya kawo mu ko ruwan sha sai ka biya. Na rantse masa. A bakin ƙofa muka rungume juna, ƙato da ni ina kuka kamar an yi mini mutuwa.

A ciki na bi layi har na iso gaban wata ma'aikaciya. Ta karɓi fasfona ta yi ta danne-danne, ta kira wani suka yi ƙus-ƙus. Abin da na tsinta a maganarsu shi ne wai jirgi ya cika. Na ce shi ke nan, tsiyar ta biyo ni har nan. Matar ta dubi silifas ɗina, ta dubi jakar Gana-mas-go da na ɗaure da igiya, ta sake duban fuskata. Sai ta ƙara yi wa mutumin magana, ya ɗaga kafaɗa. Ta miƙo mini takardar shiga tana murmushi, ta ce, "Mabruk." Na amsa da amin ba tare da na san barkar me ake yi mini ba. Wurin bincike suka ƙwace lemon, suka bar mini kazar.

Da na shiga jirgi na nufi inda na ga jama'a suna bi, sai wata doguwar ma'aikaciya baƙar fata ta duba takardata ta juya ni hagu. Jama'a! Kujera ce kamar gadon amarya, ga matashi, ga bargo, ga talabijin ɗinka kai kaɗai. Na ce mata an yi kuskure. Ta ce babu kuskure, baya ya cika, an maido ni ɓangaren manya, wanda suke ce wa fes kilas. Na ɗosana mazaunaina a gefen kujera na rungume ledata.

A kujerar da ke manne da tawa akwai wata dattijuwa da tabarau, ta miƙe kumburarrun ƙafafu a kan matashi tana jan carbi. Da ganin ɗaurin ɗankwalinta na san ta gida ce. Na ce, "Hajiya, barka da hutawa." Ta amsa a taƙaice ta ci gaba da lazimi. A ɗaya hannun, tsallaken hanya, wani mutum ne cikin kwat yana latsa kwamfuta.

Sai aka fara kawo abubuwa. Aka miƙo mini wani ɗan tawul mai zafi, na ce a'a na gode. Aka kawo lemo a kofin gilas, na ce a'a. Dabino da gahawa, a'a. Aka kawo wani littafi mai jerin abinci, ko taɓa shi ban yi ba. A raina cewa nake, jirgin talakawa ma ruwa da kuɗi, ina ga nan? In na goge hannu da tawul ɗin nan ai sai an riƙe ni a Kano. Ga shi tun jiya da rana rabona da abinci, hanjina sai ƙugi yake yi.

Da jirgi ya daidaita a sama na ce to, lokacin cika wa Rafiƙ alkawari ya yi. Na kwance leda, na buɗe kwali, na ɓalle murfin miyar tafarnuwa. Wallahi ni kaina sai da na ji ƙamshin ya buge ni. Kafin ka ce kwabo ya cika wurin. Ni kuwa ko a jikina, don abin da ke gabana daban ne. A garinmu ko rogo kake ci a bakin gona, wani ya zo wucewa, sai ka ce masa bismillah. Mutum ya kai loma baki maƙwabcinsa na zaune bai yi masa tayi ba? Ai sai a yi shekara ana ba da labarinsa. Sai na ɗaga kwalin da hannu biyu na ce, "Hajiya, bismillah."

Ta sauke tabarau ta dube ni, ta dubi kazar. Ta ce, "Ikon Allah. Shekara ashirin ina hawa jirgi, yau aka fara yi mini bismillah."

Ban tsaya nan ba, na juya wajen mai kwat na miƙa masa. "Yallaɓai, bismillah."

Mutumin nan ya toshe hanci da hankici ya danna ƙararrawa. Da doguwar ma'aikaciyar ta zo ya hau ta da Turanci, yana nuna ni da biro. Turancina na sakandare ya ishe ni in gane ba addu'a yake yi mini ba. Sannan ya juyo ya ce da ni da Hausa tsantsa, "Malam, nan fa ba motar Rano ba ce."

Shekara biyu ana zagina da Larabci ban ji zafin da na ji a wannan kalma ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, ga shi ƙasar ma ta yi nisa. Na hau tattara kwali. Ma'aikaciyar ta miƙo hannu za ta karɓa, sai na ƙanƙame ledar. Na ce, "Hajiya, don Allah ki gaya mata na fasa ci, zan ɗaure. Amma kada ta zuba shi a shara."

Hajiya ta ce, "Kazar ta gado ce?"

Na ba ta labarin Rafiƙ a gurguje, da rantsuwar da na yi masa. Na ƙara da cewa ba raini ne ya hana ni cin nasu ba, ba ni da abin biya ne.

Baiwar Allah nan ta yi dariya har da tari, sai da ta kurɓi ruwa. "Kai ɗan nan, Allah ya shirye ka! Shi ya sa tun ɗazu kake korar yarinyar mutane kamar mai korar kaji? Kyauta ne! Duk abin da ka gani a nan an riga an biya. Har tawul ɗin." Sai ta juya ta yi wa ma'aikaciyar bayani da Larabcin da ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na ga fuskar yarinyar ta canja. Ta durƙusa daidai kujerata, ta ɗora hannu a ƙirji, ta ce in ba ta amana, ba za ta zubar ba. Na sakar mata.

Kafin ta dawo Hajiya ta matso ta rage murya. "Ka ga mutumin can? Gaskiya ya faɗa, bakinsa ne bai iya faɗa ba. Nan ɗaki ne ba taga. A gona in ka buɗe abinci iska ta kwashe, a nan kuwa abin da ka buɗe kowa sai ya shaƙa, da mai so da mai ƙi, har su sauka. Wani ba shi da lafiya, wani zuciyarsa na tashi. In ka shigo da guzurinka, ka fara tambayar masu aikin. Ka jira a raba wa kowa nasa, ƙamshi ya haɗu da ƙamshi. Mai ƙarfin wari kuma ka bar shi a rufe. Tayin da ka yi tarbiyya ce, Allah ya yi wa iyayenka albarka. Amma tashi ka ba shi haƙuri."

Raina bai so ba, amma na miƙe na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, rashin sani ne." Ya ce ba komai, shi tafarnuwa ce take tayar masa da zuciya. Har ya ƙara da "Sannu da hanya," yana kallon kwamfutarsa.

Da aka fara rabon abinci sai ga doguwar nan da tire. Ta shimfiɗa mini farin ƙyalle, ta ajiye faranti. Kazar Rafiƙ ce, an ɗumama ta, an jera ta tsaf da dankalin a gefe, har da wani ɗan ganye a kai. Miyar tafarnuwar kuma ta naɗe ta a leda biyu ta sa mini a aljihun kujera. Na dubi farantin nan na tuna mutumin da ya saya, wanda ko sau ɗaya bai taɓa saya wa kansa ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Hajiya ta ce, "To, bismillar tana nan ko ta tashi?" Ta ture cokula masu yatsu gefe, ta sa hannu ta ɗauki cinya. "Likita ya hana ni maiƙo, daga wurinsa ma nake. Amma likita yana ƙasa, mu muna sama."

Muna ci tana yi mini tambayoyi. Ɗan ina ne, wa zai zo tarbata. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina zazzage mata komai, gonar, hotunan ƙarya, har shirin ɓuya a Kumbotso. Ta saurara har na gama, ta goge hannu, ta dube ni ta saman tabarau.

"Mahaifin naka yana da rai?"

Na ce yana nan.

"Kai da ka kasa cin cinyar kaza kai kaɗai, sai da ka yi wa baƙin da ba ka sani ba tayi, kai ne za ka zauna a Kumbotso kana cin tuwo shekara guda, ubanka na nan ƙasa da tafiyar awa ɗaya bai san ko kana raye ba? Wace lomar ce za ta wuce maka?"

Na ce, "Hajiya, kunya nake ji."

Ta ce, "Ji ta mana. Ai ka yi abin kunyar. Je ka ji ta a gabansa, kwana uku ne ta wuce. Wadda za ka ji in ya mutu kana ɓoye, ita ce ba ta da magani." Ta ja bargo ta juya mini baya.

A Kano ta sa direbanta ya ɗauke ni tare da ita. Da muka iso Na'ibawa ta ce ya tsaya. Ta ce, "Ga masu adaidaita can, za su kai ka wurin abokinka. Ga motocin garinku can. Allah ya yi maka albarka." Motar ta ja ta tafi. Ko sunanta ban tambaya ba, har yau abin yana damuna, sai dai in na yi sallah in sa ta a addu'a tare da Rafiƙ da ma'aikatan nan mata biyu, ta filin jirgi da ta cikin jirgi.

Na fi minti ashirin a tsaye da jaka a ka. Wani mai adaidaita har ya gaji da tambayata ina za ni. Can sai na ji ɗan kamasho yana ihu, "Bunkure Rano, mutum ɗaya!" Ƙafata ce ta kai ni, ba ni ba.

Da muka karya kwana a Karfi na fara hango alkama kore shar, da masu ɗibar tumatir. Ban shiga gari ba, na sauka a hanya na bi gefen kanal, don na san bayan la'asar ba a samun Baba a gida. Na wuce gonata, na ga wani ya shuka albasa a ciki, ta yi kyau abinta. Na kawar da kai.

Na hango shi a durƙushe a bakin ruwa, ya naɗe wando, yana jera bututun ban ruwa. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Na ajiye jaka na durƙusa nesa kaɗan na yi sallama. Ya amsa, ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mai da kai ga aikinsa. Ni ne ɗan fari, ban sa ran fiye da haka ba ko da na dawo da mota.

Ya tsoma bututu a ruwa, ya toshe bakin da tafin hannu, ya ja ya saki. Ruwa bai kama ba. Ya sake, bai kama ba. Mutumin da tun kafin a haife ni yake wannan aiki, wanda ko ido rufe sau ɗaya yake yi. Sai a karo na uku na lura hannunsa ne yake karkarwa.

Na tuɓe silifas na shiga, na karɓi bututun a hannunsa, na ja na saki. Ruwa ya ɓalle ya bi kunya.

Na ce, "Baba, ban zo da komai ba. Hotunan nan duk ƙarya ne. Gonar kuma..."

Ya katse ni, yana kallon ruwan. "Gona tana nan inda ka bar ta, kullum ina ganinta. Kai ne ban san inda kake ba." Ya share fuska da hannun riga, ya miƙo mini sauran bututun. "Kama. Mu gama da wuri, uwarka ta gan ka da sauran haske."